Kayan renon iri daga shagon masu shuka wiwi a Kalgari: abin da ya amfane ni da abin da ba sai an saya ba

Wanda ke zaune a birnin Kalgari na ƙasar Kanada, ya kuma ƙwallafa rai sai ya ci attaruhun da ya shuka da hannunsa, tun watan Maris aikinsa ke farawa, a cikin ɗaki, dusar ƙanƙara tana jibge a ƙofar gida. Lokacin noman garin nan gajere ne ƙwarai. Sanyin da ke daskarar da raɓa ba ya tafiya sai ƙarshen Mayu, wata shekarar har ya taɓa Yuni, kuma kafin Satumba ta yi nisa ya komo. Abin da ke tsakani bai cika wata huɗu ba. Shi kuwa attaruhu, daga ranar da aka binne ƙwayarsa zuwa ranar da zai nuna ya yi ja, yakan ci wata biyar, wani irin ma ya wuce. Don haka dole a rene shi a gida na wata biyu zuwa uku kafin a fitar da shi waje, kuma neman kayan renon ne ya kai ni shagon da zan ba ku labarinsa.

Gara in faɗa tun yanzu, kada wata ta je ta dawo tana ganin laifina. Shagon na masu noman cikin gida ne, kuma yawancin masu shigarsa tabar wiwi suke shukawa. Tun 17 ga Oktoban 2018 Kanada ta halatta ta a dokance, ƙasa ta biyu a duniya bayan Yurugwai, kuma dokar ta ba kowane gida izinin shuka gindi huɗu, sai dai inda lardi ya hana, kamar Kebek. A nan Albata, lardin da Kalgari ke ciki, an yarda. Shi shagon ba ya sayar da ganyen, ba ya kuma sayar da irinta, wannan sai shagunan da ke da lasisi na musamman. Abin da ke cikinsa fitilu ne da tukwanen roba da buhunan ƙasar reno da fankoki da kwalaben taki. Amma akwai hoton ganyen nan mai yatsu a jikin bango da jikin wasu kwalabe, kuma hirar da za ki ji ana yi a gaban kanta ba ta tumatir ba ce. Ban je da yara ba, ba kuma zan je da su ba.

Matsayina a kan wiwi bai canja ba don na canja ƙasa. Abin maye ce, addinina ya hana, kuma na ga da idona yadda ta lalata samari a unguwarmu a Kano, 'ya'yan mutanen kirki. Mai karanta wannan daga gida kuma ya san cewa a Najeriya da Nijar shuka ta laifi ne mai kai mutum gidan yari. Hukumar NDLEA tun 1989 take wannan yaƙin. Sai da muka yi shawara da Baban yara kafin in je. Ya ce tabarma da fitila ba su da laifi, abin da aka ɗora a kansu shi ne abin tambaya. Da wannan na samu natsuwar shiga.

Me ya hana ni saye a manyan kantuna? Suna da kayan, musamman daga Fabrairu, ƙananan tire masu murfi da dunƙulen ƙasa a ciki. Abin da ba su da shi mutumin da za ki tambaya ne. A wannan shagon, wanda ke cikin unguwar masana'antu a arewa maso gabashin gari, dattijon da ke bayan kanta bai nuna mini ko abu ɗaya ba sai da ya yi mini tambayoyi. Wane iri zan shuka, a wane ɗaki, kuma digiri nawa ɗakin yake sauka da dare. Na ce ɗakin ƙasa ne, ma'aunin bango yana nuna 17 ko 18. Ya girgiza kai, ya ce barkonon ƙasashe masu zafi a wannan sanyin kwanciya kawai zai yi a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa har ya ruɓe. Ya ce ɗumin iska ba shi ne abin dubawa ba, ɗumin ƙasar da ƙwayar ke ciki ake nema, kuma na attaruhu sai ya kai digiri 27 zuwa 30. Ba wanda ya taɓa gaya mini haka, saboda mu a gida rana ce ke yi mana wannan aikin, har ba mu san aiki ba ne.

Abu na farko da na saya, wanda kuma shi ne ya fi komai daraja a cikin kayan, tabarmar ɗumi ce. Baƙar roba ce mai laushi, ana iya naɗe ta, girmanta daidai tiren reno, wato inci 10 a faɗi da inci 20 a tsawo, da waya a gefe. Wutar da take ja ba ta wuce wat 20 ba. In kin ɗora tafin hannu a kanta ɗumi kaɗan za ki ji, har ki yi tunanin ba ta aiki. Amma aikinta irin na kaza ne da ke kwance kan ƙwai: ɗumi kaɗan wanda ba ya yankewa dare da rana. Tana ɗaga zafin ƙasar da ke cikin tire da digiri 5 zuwa 10 sama da na ɗakin, kuma wannan tazarar ce ke raba iri mai tsirowa da iri mai ruɓewa.

Dattijon ya matsa sai na haɗa da na'urar daidaita zafi, kuma ya yi gaskiya. Ƙaramin akwati ne mai allon lamba, da wata siririyar waya mai bakin ƙarfe da ake cusawa cikin ƙasar ɗaya daga cikin ramukan tire. Ki saita 28, in ƙasar ta kai ta kashe tabarmar, in ta sauka ta kunna. Tabarma ita kaɗai ba ta san zafin ɗaki ba. Ranar da na'urar ɗumama gida ta yi aiki sosai, ko rana ta faɗo kan murfin, sai ƙasar ta zarce, kuma zafi mai yawa na kashe iri kamar yadda sanyi ke hana shi tashi. Ya kuma ce kada in shimfiɗa tabarmar kan siminti, domin ƙasan ɗakin zai shanye ɗumin. Na sa kwali ninki biyu a ƙarƙashi, nan take lambar allon ta haura. Wannan shawarar kyauta ce, kuma ta fi wasu abubuwan da ke cikin shagon amfani.

Attaruhun ya fara ɗago kai cikin mako na biyu, wasu sai a na uku. Haka halinsa yake, ba ya tashi tare kamar tumatir, wanda shi cikin mako guda ya gama fitowa. Irin nawa daga nunannun attaruhun da na saya a shagon kayan abincin Afirka na cire shi, na shanya kan takarda har ya bushe. Jajayen da suka nuna sosai su ne masu iri mai rai, na ɗanye ba ya abin kirki. Na binne kowace ƙwaya zurfin rabin santimita, biyu a rami, kuma mafi yawan ramukan sun ba ni tsiro. Wadda ke son kawo iri daga gida ta sani cewa dole ne a bayyana duk wani iri ko tsiro ga jami'an kan iyaka a filin jirgi, kada a ɓoye a cikin kaya. Kuɓewa da alayyafo da yakuwa kam ana samun irinsu a wajen masu sayar da iri na nan ƙasar.

Tiren da murfinsa ne suka ban haushi. Tiren mai ramuka 72 ne, yana zama cikin wani mara huji da ke tare ruwa, sai dogon murfin roba garai-garai a sama. Robar murfin sirara ce har tana lanƙwashewa a hannu, kuma tun kafin renon farko ya ƙare kusurwa ɗaya ta tsage. Na ƙasan ma in an cika shi da ruwa ba ya ɗaukuwa da hannu biyu ba tare da ya karye a tsakiya ya zubar ba. A can ƙarshen kanta akwai masu kauri, kuɗinsu ya ninka, kuma ba a nuna mini su ba sai da na koma na yi ƙorafi. Ga mutumin da ya ɗauki lokaci yana tambayata zafin ɗakina, wannan sakaci ne. Wadda za ta je ta tambayi mai kauri kai tsaye. Ramuka 72 ma sun yi wa mai farawa yawa, kuma sun yi ƙanana; saiwar attaruhu tana cika su da wuri, sai an sake masa tukunya. Mai ramuka 32 ko makamancinsa ya fi dacewa da gida ɗaya.

Kafofin iskar da ke saman murfin su ma ƙanana ne, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Murfi yana riƙe laima don iri ya jiƙa ya fashe, amma da zarar tsiro ya fito laimar nan ta koma abokiyar gaba. Akwai cutar fumfuna da ke kama jaririn tsiro a wuya, daidai inda ya haɗu da ƙasa. Da yamma ki gan shi tsaye lafiya, da safe ki tarar wuyan ya tsuke ya yi duhu, ya kife. Wanda ya kife ya tafi ke nan, babu magani. Ta kama mini layin alayyafo na gefe, inda ruwan murfi ke ɗiga. Da na kai masa hoto a waya, dattijon bai ɗauko kwalba ba, abin da ya ƙara mini ganin mutuncinsa. Ya ce in cire murfin gaba ɗaya da zarar rabin ramukan sun tsiro, in daina zuba ruwa ta sama, in riƙa zubawa a tiren ƙasa ƙasar ta tsotsa da kanta sannan in zubar da ragowar, in kuma kunna ƙaramar fanka daga nesa ta riƙa kaɗa ganyen a hankali. Fankar tebur da ke gidan na yi amfani da ita. Cutar ta tsaya a nan. Iskar kuma tana sa kara ya yi ƙwari.

Sai fitila, inda aka fi cin kuɗin mutane. Taga ba ta isa ba, wannan kam gaskiya ne. Hasken da ke ratsowa ta gilashi a watan Maris rauni gare shi, kuma ta gefe ɗaya yake zuwa, sai tsiro ya yi ta zuƙewa, siriri, fari-fari, yana karkata wajen tagar har ya faɗi. Amma fitilun da suka cika bangon shagon, masu wat 200 da 400 da sama, an yi su ne don shukar da za ta rayu har ta yi fure a cikin ɗaki ba ta taɓa ganin rana ba. Mu ba haka muke so ba. Mu reno kawai muke yi, daga Yuni rana ta karɓi aikinta. Wani saurayi da ke aiki a shagon ya yi ta jana wajen manyan, yana lissafo mini lambobi, sai da dattijon ya katse shi. Abin da na ɗauka dogayen fitilu biyu ne na LED, kowace tsawon ƙafa biyu, jimillarsu wajen wat 40. Na rataye su sama da tsiron da kamar taƙi ɗaya, ina ɗaga su yayin da yake girma. Awa 16 a kunne, 8 a kashe, da ɗan agogon nan da ake sawa a soket yana kunnawa yana kashewa da kansa. Tsiro na bukatar duhunsa, kada a bar masa wuta har safe. Ganyen ya fito kore shar, kara gajere mai kauri, tazarar ganye da ganye kaɗan. Haka ake so.

Ga mai tsoron kuɗin wuta, lissafin mai sauƙi ne. Tabarma wat 20 in ta kwana ta wuni a kunne ba ta cinye rabin yunit ba, fitila wat 40 na awa 16 ta ɗan haura rabi. Su biyun yunit ɗaya da 'yan kai a rana, kuma tabarmar ba ta daɗewa. Da iri ya gama tsirowa ana cire ta, in ba haka ba ɗumin ƙasa ya sa tsiro ya yi tsawon banza.

Ku sayi fitila mai farin haske. Akwai masu hasken shuɗi da ja da ke haɗuwa su yi launin shunayya mai ɗaukar ido, kuma a garin nan duk wanda ya hango wannan launin ta tagar ɗakin ƙasa abu ɗaya zai kawo a ransa. Mu baƙi ne, muna haya, muna da maƙwabta da 'yan uwa da ke zuwa gaisuwa. A Albata mai gida na da ikon hana shuka wiwi a gidan da ya ba da haya, don haka tun kafin in kafa kayan na kira mai gidanmu na nuna masa fakitin irin da tiren. Ya yi murmushi ya ce in ajiye masa barkono. Farin haske kuma shi ke nuna ainihin launin ganye, ki gane da wuri in ya fara rawaya.

Ƙasar renon da suka ba ni ta yi kyau, ba ni da ta cewa. Ba ƙasa ba ce ta gaske. Ruɓaɓɓiyar gansakuka ce, wadda Kanada ke da ita da yawa har tana fitarwa waje, gauraye da niƙaƙƙen zaren kwakwa da wata farar tsakuwa mara nauyi da ke barin iska ta shiga. Ba a ɗebo ƙasar bayan gida a zuba a tire, tana daskarewa kuma tana ɗauke da cuta. Abu ɗaya da buhun bai faɗa ba: in ta bushe ƙayau ba ta shan ruwa, sai ya gangare ta gefe. A kwaɓa ta da ruwan ɗumi a roba tukuna, har in an matse a hannu ta dunƙule ba ta ɗiga ba, sannan a cika ramukan.

Inda ban yarda da shagon ba sam shi ne kwalaben taki. Bango guda ne cur, kwalba ta saiwa, ta ganye, ta fure, ta ƙarin wannan, ta ƙarin wancan, wasu sai an sayi uku a haɗa, ga ma'aunin tsamin ruwa da ruwan rage shi da na ƙara shi. Saurayin nan ya ce ruwan Kalgari mai nauyi ne, kuma bai yi ƙarya ba. Daga kogin Bow da na Elbow yake zuwa, ya ratso duwatsun farar ƙasa, shi ya sa butar shayi ke yin farin ɓawo a ciki. Ga masu shuka cikin ruwa zalla ba ƙasa, wannan babban al'amari ne. Ga tsiron attaruhu da zai yi makonni a tukunya ya fita lambu, ban ga bukata ba. Ƙwayar iri tana ɗauke da guzurinta. Sai ganyen gaskiya sun fito, bayan kunnuwan nan biyu na farko, sannan na fara ba su takin ruwa na gama-gari guda ɗaya, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kwalbar ta ce. Ya wadatar. Tantin shuka mai ƙyalli a ciki da bututun tace wari kuwa ko kallonsu kada ki yi, attaruhu ba shi da warin da za a ɓoye.

Abin da ya sa har yau nake komawa shagon duk da wannan, maganar yakuwa ce. Na daɗe ina mamakin yadda yakuwa ke girma a nan ta yi tsawo ta yi ganye, amma ba ta fure, balle a samu zoɓo. Na ɗauka taki ne ko sanyi. Da na ambata, dattijon ya tambaye ni a wane wata take fure a ƙasarmu. Na ce ƙarshen damina, ana girbin zoɓo da shigowar hunturu. Ya ce to ita ma tsawon dare take ƙirgawa, kamar shukar da yawancin masu sayayyarsa ke renon ta: ba ta fure sai yini ya gajarta ya kusa awa 12. Nan na fahimci komai. A Kano yini ba ya nisa da awa 12 duk shekara, ɗan ragin da yake yi bayan Satumba ya ishe ta. A Kalgari kuwa yinin Yuni ya haura awa 16, kuma ba ya saukowa 12 sai ƙarshen Satumba, lokacin da sanyi ya riga ya iso ya ƙone ta. Ya ce ana iya rufe ta da baƙin mayafi kowace yamma a ƙirƙira mata dogon dare. Na gode masa, amma ba ni da wannan lokacin. Yanzu don ganye nake shuka ta, miyar yakuwa da ta taushe, zoɓo kuma in saya busasshe. Shekaru na yi ina tambayar masu lambu ban samu amsa ba, sai a wajen mutumin da ko ɗanɗana zoɓo bai taɓa yi ba.

Sauran kayan miya kowanne da halinsa a kan tabarmar. Gauta da yalo tafiyarsu ɗaya da attaruhu, a shuka su tare. Tumatir a jinkirta masa zuwa Afrilu, yana saurin girma ya fi ƙarfin fitila. Kuɓewa ba ta son dashe, saiwarta doguwa ce mai tafiya ƙasa, don haka a jiƙa irin ya kwana, a shuka kai tsaye a tukunya mai zurfi, mako uku ko huɗu kacal kafin fita. Gaskiya kuɓewa ba ta jin daɗin garin nan ko a waje, dararensa sun yi mata sanyi. Wadda na samu ba ta wuce ta miya biyu ba. Zogale ya tsiro da sauri, amma ɗan tukunya ne har abada, sanyin farko ke kashe shi in an bar shi waje. Alayyafo irinsa kamar yashi, a barbaɗa a sama a danna da yatsa. Lalo kuma wata Hajiya 'yar Kumasi da muke haɗuwa a masallaci ce ta ba ni irin, su ayoyo suke ce masa, ta ce in tsoma shi cikin ruwan zafi na ɗan lokaci kafin shuka saboda ɓawonsa mai tauri ne. Hakan na yi, ya fito.

Mahaifina manomin rani ne a wajen Kura, cikin gonakin da ke shan ruwan madatsar Tiga, tumatirinsa Kwanar Gafan ake kai shi. Na nuna masa tiren ta kiran bidiyo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To 'yar nan, ai gadon reno ne kika yi a kan tebur. Murfin nan shi ne ciyawar da muke rufawa, da ya tsiro a yaye." Na ce, "Haka ne, Baba." Ya ce, "In za ki dasa, ki rage musu ruwa tukuna su ji wuya kaɗan, kuma da yamma ake dashe, kada ki kai su rana tsaka." Na ce, "In sha Allahu, Baba." Ya sa mini albarka. Abin da ya faɗa shi ne daidai abin da dattijon shagon ya rubuta mini a bayan rasit, sai dai a nan akwai ƙari. Tsiron da ya tashi ƙarƙashin fitila bai san rana ba, bai san iska ba, kuma Kalgari tana kan tudu sama da mita 1,000, ranarta tana da kaifi. Ana fitar da shi inuwa na awa ɗaya ko biyu a ranar farko, a riƙa ƙarawa kullum har mako guda ko kwana 10, kafin ya kwana waje. In an fitar da shi kai tsaye ganyen ya yi fari ya ƙone.

Mutanen Kanada da yawa suna dashe a hutun ranar Biktoriya, Litinin ɗin ƙarshe kafin 25 ga Mayu. Wannan bai shafi attaruhu a Kalgari ba. A jira Yuni ta shiga, sanyin dare ya yi sauƙi. Kuma a bar shi cikin manyan tukwane baƙaƙe a jikin bangon da ke fuskantar kudu, don ɗumi, don kuma a iya janye shi ciki da gudu. Garin nan garin ƙanƙara ne. Wadda ta sauka a arewa maso gabas ranar 13 ga Yunin 2020 ta farfasa gilasan motoci ta yayyage bangon gidaje, balle ganyen barkono. Tukwanen yadi da shagon ke sayarwa, masu hannu biyu, sun yi mini amfani a nan, ba su da nauyin ɗauka kuma ruwa ba ya kwanciya a cikinsu, sai dai suna saurin bushewa a watan Yuli.

Ta fuskar kuɗi, shagon ya fi intanet tsada a kusan komai, ba na musu. Tabarma da na'urarta da fitilu biyu da agogo da tire da buhun ƙasa sun tasam ma dalar Kanada 150, har da harajin kashi 5 cikin ɗari, wanda shi kaɗai ake biya a Albata. Na san da na yi oda da na rage wani abu. Amma agogon farko da suka ba ni ya ƙi kashewa, na mayar, aka canja mini nan take ba tare da doguwar magana ba, kuma duk tambayar da na kai an amsa ko ban sayi komai ba. Wurin ajiye mota ƙunci gare shi, ba farashi a jikin kaya da yawa sai an tambaya, kuma ranar Asabar cika yake yi da masu doguwar hira a gaban kanta. A je da safiyar ranar aiki, a nemi dattijon, a gaya masa tun daga ƙofa cewa barkono da kayan miya za a rena, sai ya san ɓangaren da zai kai ki.

Wadda tumatir da alayyafo kawai take so, ƙaramar fitila da tiren babban kanti sun ishe ta, ba sai ta taka shagon ba. Wadda kuma zuciyarta ba ta kwanta da shiga wurin ba, tabarmar ɗumi da na'urar daidaita zafi ana samunsu a shagunan kayan lambu, aikinsu ɗaya. Attaruhu da gauta da yalo ne ba sa tashi a ɗakin ƙasa sai da su. Gindin attaruhu biyu na shigo da su cikin gida kafin sanyin Satumba, na datse rassan, na wanke ganyen saboda ƙananan ƙwarin nan masu tsotsa, na ajiye su ƙarƙashin fitilun. A ƙasarmu ma attaruhu yana shekara in ya samu ruwa, kuma wanda ya ƙetare hunturu yakan riga sabon dashe yin 'ya'ya da makonni.